Yadda Ake Haɗa Wayar Ƙasa Idan Za A Canja Makunnin Fitila

Babu abin lantarkin da hannu ya fi taɓawa a gida kamar makunnin fitila. Babba ya taɓa, yaro ya yi ɗage ya taɓa, a lalube shi cikin duhu, wani lokaci ma da jiƙaƙƙen hannu an fito daga wanka. Amma ranar da ya lalace, ko aka ga wani mai kyau aka so canjawa, wayoyi biyu kawai ake kula da su: wadda ta kawo wuta da wadda ta wuce zuwa fitila. Ta ukun, wato wayar ƙasa, sai a naɗe ta a tura can ƙuryar akwati, wani ma ya datse ta don tana cin wuri. A kunna, fitila ta kama, a ce aiki ya yi kyau.

Abin da ke damuna da wannan shi ne, fitila za ta kama ko da wayar ƙasa ko babu. Hasken da ka gani bai shaida maka komai a kanta ba. Tana iya zama a tsinke shekara goma ba wanda ya sani, sai ranar da aka buƙace ta. Don haka wannan jagora ba ta tsaya kan ɗaure waya a sukuru ba kawai. Ta haɗa da tabbatar da cewa wayar da ka ɗaure ɗin tana kaiwa inda ya kamata ta kai.

Aikin da wayar ƙasa take yi

Sunan yana ruɗar mutane. Da yawa suna zaton aikinta shi ne ta zubar da wuta cikin ƙasa, kamar yadda ake zubar da ruwa a kwata. Ba haka ba ne. Lantarki yana neman komawa inda ya fito ne, wato taransifoma. A tsarin da ya fi yawa, an haɗa wayar ƙasa da nutural, wato wayar da wuta ke bi ta koma bayan ta yi aiki, a wuri guda can wajen shigowar wuta ko wajen taransifoma, saboda haka wayar ƙasa hanya ce mai faɗi, marar cikas, da wuta za ta bi ta koma gida idan ta kauce daga hanyarta.

Ka ɗauka waya mai wuta ta suɓuce daga sukurunta ta taɓa murfin ƙarfen makunni. Idan murfin yana haɗe da wayar ƙasa, nan take wuta mai yawan gaske za ta kwarara ta wannan hanya, bireka, wato makunnin kariya da ke akwatin rarraba wuta, ta ji nauyin ya wuce ƙima ta faɗi. A tsarin volt 230, ƙa'idar Birtaniya da ta ƙasa da ƙasa sun ce a irin wannan layi wutar ta yanke cikin daƙiƙa 0.4 a tsarin da aka fi amfani da shi. Kafin wani ya kai hannu, an gama.

Idan kuwa babu wayar ƙasa, murfin zai ɗauki wuta ya yi shiru yana jira. Bireka ba za ta faɗi ba, domin ba abin da ke gudana. Mutumin da ya taɓa shi ne zai zama hanya. Yi lissafin da kanka: jikin mutum mai danshi yana iya samun turjiya, wato cikas ga wucewar wuta, kusan om 1,000. Raba volt 230 da 1,000, ka sami miliyamfiya 230 (miliyamfiya 1,000 ce amfiya ɗaya). Birekar layin fitilu kuwa amfiya 6 ce ko 10, a Amurka 15. Wato abin da ke ratsa jikin mutumin bai kai ko kashi ɗaya cikin ashirin na abin da zai kayar da bireka ba, alhali tun daga wajen miliyamfiya 10 zuwa 15 hannu yake ƙanƙamewa ya kasa saki, kuma daga 50 zuwa sama zuciya tana iya rikicewa. Bireka waya take karewa daga gobara. Wayar ƙasa ce ke sa ta kare mutum.

Gane wayoyi, da kuma rashin yarda da launi

A ƙasashen da ke bin tsarin Turai, waya mai wuta ruwan ƙasa ce, nutural shuɗiya, wayar ƙasa kuma kore da rawaya a haɗe. Birtaniya ta koma wannan tsari tsakanin 2004 da 2006. Kafin nan ja ce mai wuta, baƙa ce nutural, kuma har yau za ka tarar da waɗannan tsofaffin launuka a gidaje masu yawa. A Amurka da Kanada baƙa ce mai wuta, fara ce nutural, wayar ƙasa kuma kore ce ko jan ƙarfe tsirara. Lura da baƙa: a wani tsari nutural ce, a wani kuma ita ce mai kisa.

Akwatin makunni shi ne wurin da launi ya fi yaudara. Sau da yawa kebul guda ake saukowa da shi daga fitila zuwa makunni, waya ɗaya ta kawo wuta, ɗaya ta mayar da ita idan an kunna. A nan shuɗiyar waya, ko baƙa a tsohon tsarin Birtaniya, ko fara a Amurka, ba nutural ba ce ko kaɗan. Wuta take ɗauka. Ƙa'ida ta ce a sa mata alama da ɗan rufi ko tef mai launin wuta, amma ba kowa ke sawa ba. Launi yana gaya maka abin da ya kamata waya ta zama ne. Na'urar awo ce ke gaya maka abin da take.

Kayan aiki

Sukundireba mai rufaffen hannu, filaya mai dogon baki, abin fere waya, kanekta, ɗan guntun waya kore da rawaya mai kauri daidai da na layin, rufin roba kore da rawaya idan wayar ƙasan tsirara ce, tocila, da doguwar waya wadda za ta kai daga makunni zuwa akwatin rarraba wuta. Sai na'urar gwada wuta mai tsinke biyu da malti-mita.

A kan ƙaramar testa mai kama da sukundireba, wadda ake ɗora yatsa a bayanta: ban yarda a dogara da ita ba. Haskenta ya danganta da inda ka tsaya da irin takalmin da ke ƙafarka, kuma cikin hasken rana da ƙyar ake ganinsa. Tana iya yin shiru a kan waya mai wuta. Irin wadda ke ƙara ba tare da an taɓa waya ba tana da amfani wajen gargaɗin farko, amma ita ma ba hujja ba ce cewa wuta ta mutu.

Mataki na 1: kashe wuta, sannan ka tabbatar

Kashe makunni ba kashe wuta ba ne. Je akwatin rarraba wuta ka kashe birekar layin. Hanya mai sauƙi ta gane ta ita ce ka bar fitilar a kunne, ka kashe birekar da kake zato, ka ga ko ta mutu. Idan rubutun da ke jikin akwatin bai fito fili ba, kashe babban makunnin gidan gaba ɗaya. Ka rufe akwatin da makulli ko ka manna takarda a kai, ka kuma faɗa wa mutanen gida, domin wanda ya ga wuta ta ɗauke a ɗakinsa abu na farko da zai yi shi ne ya je ya tayar da bireka. Idan gidan yana da inbata, sola ko janareta, a raba su da layin su ma.

Gwajin kansa hawa uku ne. Fara gwada na'urarka a wurin da ka san akwai wuta, ka ga tana aiki. Sannan ka gwada makunnin da zarar ka buɗe shi a Mataki na 2: kowace waya da wayar ƙasa, kowace waya da 'yar'uwarta, kowace waya da jikin akwati idan na ƙarfe ne. Sannan ka koma wurin farko ka sake gwada na'urar, don kada ya zama ta mutu ne a tsakani. Kada ka tsallake na ukun.

Inda makunni biyu ko uku suke a akwati guda, ko makunnin matakala da ke kunna fitilar sama daga ƙasa, akwai yiwuwar layi biyu ne suka haɗu a wurin. Ka kashe ɗaya, ɗayan yana nan da ransa. Shi ya sa ake gwada kowace waya, ba wadda za ka kwance kaɗai ba.

Mataki na 2: buɗe, ɗauki hoto, sa alama

Kwance sukurori, ka jawo makunnin a hankali. Kafin ka kwance waya ko ɗaya, ɗauki hoto da wayarka daga kusurwa biyu ko uku. Makunni mai hanya ɗaya ba shi da wuya, amma mai hanya biyu, wanda ke sarrafa fitila daga wurare biyu, yana da mahaɗa guda da ta bambanta da sauran. A irin na Birtaniya an rubuta mata COM ko C, sauran kuma L1 da L2. A irin na Amurka sukurunta ya fi sauran duhu. Naɗa wa wayar da ke wurin ɗan tef, domin a sabon makunni wannan mahaɗa tana iya kasancewa a wani gefe daban.

Tunda ka buɗe, duba lafiyar wayoyin. Idan robar jikinsu tana farfashewa da an lanƙwasa, ko ka ga baƙin ƙuna, ko ka ji ƙauri, ko wayar fara ce sal irin ta alminiyo maimakon jan ƙarfe, dakata nan. Wannan ya wuce canjin makunni, aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne. Wayar alminiyo, wadda aka yi amfani da ita a gidajen Amurka da yawa daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon 1970, tana buƙatar kayan haɗi na musamman, kuma haɗa ta da jan ƙarfe kai tsaye yana jawo zafi.

Mataki na 3: me ka tarar a cikin akwatin?

Nan ne aikin yake rabuwa, gwargwadon irin akwati da irin murfi.

Akwatin roba, akwai wayar ƙasa. Roba ba ta ɗaukar wuta, don haka makunnin ne kawai abin haɗawa. Idan yana da sukurun ƙasa, wayar ta tafi can. Za ka gane shi da koren launi a irin na Amurka, ko harafin E, ko alamar nan ta layi a tsaye da gajerun layuka uku a kwance ƙarƙashinsa, kowanne ya fi na samansa gajarta. Idan makunnin roba ne zalla ba shi da wurin ƙasa, kada ka yanke wayar. Sa mata rufi, ka ɗaure bakinta a kanekta, ka ajiye ta a bayan akwati. Wata rana wani zai so sa murfin ƙarfe, kuma zai buƙace ta.

Akwatin ƙarfe, akwai wayar ƙasa. Akwatin kansa dole a haɗa shi, ko da makunnin roba ne, saboda sukurorin da ke riƙe murfi ƙarfe ne, suna shiga jikin akwatin, kuma kawunansu suna waje inda yatsa ke taɓawa. Yawancin akwatunan suna da mahaɗar ƙasa a ƙurya, ko rami mai zare da ake ɗaura koren sukuru. Idan murfin ma ƙarfe ne, to abu biyu ne ke neman wayar ƙasa: akwati da murfi. Shawarata ita ce wayar da ta fito daga kebul ta tafi makunnin, sannan ka ja ɗan guntu daga nan zuwa akwatin, ko ka haɗa duka a kanekta guda ka fitar da reshe biyu. Kada ka bar sukurorin murfi su zama su kaɗai ne hanya. Fenti, tsatsa da siminti suna shiga tsakani, kuma da zarar an kwance murfin don gyara, haɗin ya yanke a daidai lokacin da hannu yake riƙe da shi.

Akwatin ƙarfe, babu wayar ƙasa, amma wayoyin sun shigo ta bututun ƙarfe. A tsofaffin gine-gine da yawa bututun ne kansa hanyar ƙasa, kuma ƙa'ida ta yarda da hakan muddin yana haɗe tun daga akwatin rarraba wuta ba yankewa. Kalmar "muddin" ɗin ce mai nauyi. Gaɓa ɗaya ta yi tsatsa, ko wani ya taɓa canja tsakiyar bututun da na roba, shi ke nan hanya ta yanke. Sai awo ya tabbatar, sannan ka ɗaura guntuwar waya daga jikin akwatin zuwa makunni. A Amurka akwai makunnai masu ɗan maƙalin ƙarfe a wurin sukuru, waɗanda aka ƙera don su sami ƙasa daga akwatin ƙarfe kai tsaye. Ƙa'idarsu ta amince da su, amma ni ko da su nakan ƙara guntuwar wayar, domin ba ta cin komai sai minti biyu.

Babu wayar ƙasa, babu bututun ƙarfe. Wannan yana da nasa sashe a ƙasa, domin shi ne inda ake yin kuskure mafi muni.

Mataki na 4: gwada wayar ƙasan kafin ka yarda da ita

Ganin waya kore da rawaya a akwati bai nuna tana haɗe da komai ba. Layin fitilu yana bin fitila bayan fitila, kuma a kowace mahaɗa a rufin ɗaki wani yana iya barin wayar ƙasa a sake. Idan ta yanke a ɗaki na biyu, na uku da na huɗu duk suna da waya mai kyan gani wadda ba ta zuwa ko'ina.

Da wuta a kashe gaba ɗaya daga babban makunni, sa malti-mita a ma'aunin turjiya mafi ƙanƙanta. Ɗaura doguwar wayarka a mahaɗar ƙasa ta gidan. Idan kaiwa gare ta na nufin cire murfin akwatin rarraba wuta, kada ka cire, domin ɓangaren shigowar wuta yana nan da rai ko an kashe babban makunni. Yi amfani da ramin ƙasa na soket da aka riga aka tabbatar da lafiyarsa. Fara auna doguwar wayar ita kaɗai ka rubuta adadin, don ka cire shi daga sakamako. Sannan ka auna tsakanin bakinta da wayar ƙasan makunni. A gida madaidaici za ka ga adadi ƙarami, ƙasa da om ɗaya ko 'yan sama da haka kaɗan idan layin dogo ne. Idan ka ga gomomi, ko adadin yana rawa, akwai sakakken haɗi. Idan mitar ba ta nuna komai ba, a tsinke take.

Wasu suna gwadawa da wuta a kunne, su auna tsakanin waya mai wuta da wayar ƙasa, su ga lamba ta fito su ce lafiya. Wannan yana ruɗi. Malti-mita ta zamani tana da turjiya mai yawa ƙwarai, kusan om miliyan 10, don haka tana nuna volt ko a kan wayar da ba ta haɗe da komai, saboda kusancinta da mai wuta a cikin kebul guda. Ko da ta nuna cikakken volt, hakan bai tabbatar da cewa hanyar za ta iya ɗaukar wutar da za ta kayar da bireka ba. Silin waya guda da ya saura a maƙale ya isa ya ba da wannan lamba. Ƙwararru suna da na'urar da ke auna dukan zagayen hanyar, kuma idan gidan tsoho ne, kiran wanda ke da ita ya auna sau ɗaya ya cancanta.

Mataki na 5: ɗaurin kansa

Fara da wayar ƙasa. Ita ce ta farko a ɗauri, ta ƙarshe a kwancewa.

Idan tsirara ce, kamar yadda take a kebul mai faɗi na tsarin Birtaniya, zura mata rufi kore da rawaya har zuwa inda ta fito daga kebul, ka bar bakin da zai shiga mahaɗa kawai. Dalili shi ne idan ka tura makunnin ciki, wayoyi suna lanƙwashewa yadda ba ka gani, kuma tsirarar waya tana iya kwanciya a kan mahaɗa mai wuta.

Idan kebul biyu ko uku ne suka shigo akwatin, duk wayoyin ƙasansu a haɗa su wuri guda. Wannan shi ne abin da ke kai ƙasa zuwa fitila da sauran makunnan da ke gaba. A irin makunnin Amurka mai sukuru a waje, waya ɗaya tak ake sawa ƙarƙashin kowane sukuru. Don haka a haɗa su duka a kanekta tare da guntun reshe mai tsawon kusan santimita 15, reshen ne zai tafi sukurun. Amfanin wannan shi ne ko an cire makunnin, na gaba ba su rasa ƙasa ba. Idan makunnai biyu ne a akwatin, kowanne da nasa reshe.

Wajen fere waya, kada wuƙa ta ciji jan ƙarfen, domin a wurin cizon yake karyewa daga baya. Ga mahaɗa mai rami, fere daidai zurfin ramin, yadda ba jan ƙarfen da zai leƙo waje kuma sukurun bai danne roba ba. Siririyar waya guda a babban rami, lanƙwasa bakinta gida biyu don sukuru ya sami abin kamawa. Ga sukurun da ake naɗa wa waya, fere kusan santimita 2, ka yi ƙugiya da filaya, ka saƙala ta ta bi yadda hannun agogo ke juyawa, don ɗaurin sukuru ya ƙara rufe ƙugiyar maimakon ya buɗe ta. Ɗaure da kyau ba tare da ka murƙushe wayar ba, sannan ka ja kowace waya da yatsu. Wadda ta motsa, sake ta.

Bayan nan ka mayar da masu wuta yadda hotonka ya nuna, ka sa wa shuɗiya ko farar da ke ɗaukar wuta alamarta idan babu. Makunni waya mai wuta yake yankewa, ba nutural ba. Idan awo ya nuna maka an sa shi a kan nutural, fitila za ta mutu idan an kashe amma mazaunin ƙwan yana nan da wuta. Wannan ma a gyara shi.

Makunnin rage haske da makunnai masu aiki da intanet suna da nasu takarda, a karanta ta. Wasunsu suna buƙatar nutural, kuma tun 2011 ƙa'idar Amurka ta fara neman a kai nutural yawancin akwatunan makunni a sabon gini saboda irinsu. Idan naka yana neman nutural kuma babu, nemi samfurin da aka ƙera don aiki ba tare da ita ba. Kada ka ba shi wayar ƙasa a madadinta.

Idan babu wayar ƙasa ko kaɗan

Wannan ba baƙon abu ba ne. A Birtaniya sai a 1966 ƙa'ida ta wajabta kai wayar ƙasa layin fitilu, don haka gidajen da aka yi wa waya kafin nan da yawa ba su da ita. Tsofaffin gidajen Amurka ma haka, musamman masu wayoyi biyu da aka ja a kan kwalaben tangaram.

Abu uku ne kada ka yi, komai matsi.

Kada ka haɗa sukurun ƙasa da nutural. Na'urar gwaji za ta nuna kamar komai daidai ne, shi ya sa masu ha'inci ke yin haka. Amma nutural waya ce mai aiki, wuta tana bin ta kullum. Ranar da ta yanke a wani wuri baya, duk murfin da ka haɗa da ita zai ɗauki cikakkiyar wuta ta cikin fitilar. Ga kuma abin da na faɗa a baya: wayar da ka ɗauka nutural ce a akwatin makunni, mai yiwuwa mai wuta ce.

Kada ka ɗaura a bututun ruwa da ke kusa, balle na gas. Bututun ruwa yana iya samun gaɓar roba a tsakiya, kuma idan matsala ta faru ka tura wutar zuwa famfon banɗaki ke nan.

Kada ka kafa ƙusa ko guntun rodi a bango ko a ƙasa ka ce ka yi ƙasa. Ko sandar ƙasa ta gaske da aka kafa da kyau tana iya samun turjiya ta gomomin om. A ce om 50 ne: volt 230 zai tura ƙasa da amfiya 5, wanda ba zai kayar da birekar amfiya 6 ba. Gidajen da ke dogara da sandar ƙasa suna yin haka ne tare da na'urar yanke wuta mai jin yoyo, wato wadda ke yankewa da zarar wuta ta kauce daga hanyarta.

Abin da ya dace, daga mafi kyau zuwa na wucin gadi: a ja sabon kebul mai wayar ƙasa, ko a ja wayar ƙasa daban daga mahaɗar ƙasan gidan inda ƙa'idar ƙasar ta yarda. Idan hakan ba zai yiwu yanzu ba, sa makunnin roba zalla, da murfin roba, da sukurorin roba ko masu hular rufewa, kuma fitilun layin su zama masu rufi biyu, waɗanda ke ɗauke da alamar murabba'i cikin murabba'i. Murfin ƙarfe, komai kyansa, ba shi da wuri a layin da ba shi da ƙasa. Sannan a sa wa layin na'urar jin yoyo. A tsarin Turai ana kiranta RCD, tana yanke wuta idan miliyamfiya 30 ta ɓace daga hanya. A Amurka GFCI ce, tana yankewa a wajen miliyamfiya 5. Ƙa'idar Amurka ma haka ta tanada ga wanda ke canja makunni a tsohon layi marar ƙasa: murfin da ba ya ɗaukar wuta, ko kariyar wannan na'ura. Ba ta zama wayar ƙasa ba, domin sai wuta ta fara bin jikin mutum ko wata hanya kafin ta ji, amma tana gajarta lokacin ƙwarai. Ka manna takarda a akwatin rarraba wuta cewa layin nan ba shi da ƙasa, don na bayanka ya sani.

Mataki na 6: rufewa da gwajin ƙarshe

Lanƙwasa wayoyin su kwanta a bayan akwati, wayar ƙasa can ciki nesa da mahaɗai masu wuta. Kada ka danna da ƙarfi. Idan makunnin ya ƙi shiga, akwatin ya yi masa kaɗan ne, kuma masu rage haske sun fi na gargajiya kauri. Duba hanyar da sukurorin murfi za su bi, domin sukuru yana huda robar waya cikin sauƙi. Wannan na daga cikin dalilan da suka fi sa bireka faɗuwa da zarar an gama aiki.

Kafin ka mayar da wuta, maimaita awon turjiya, amma wannan karon daga wajen makunnin: taɓa kan sukurun murfi, ka taɓa jikin murfin idan ƙarfe ne. Yawancin murafan ƙarfe suna da siririn shafe a fuska, don haka nemi gefe ko bayan da ba a shafa ba. Adadin ya zama kusan daidai da wanda ka samu a Mataki na 4.

Sai ka tayar da bireka. Idan ta faɗi nan take, kada ka sake tayar da ita. Kashe, ka gwada, ka buɗe ka nemi inda waya ta taɓa. Idan ta tsaya, kunna ka kashe sau da yawa, mai hanya biyu kuma ka gwada shi daga kowane ɓangare a kowane yanayi. Kasa kunne ko za ka ji ƙarar tartsatsi, kuma bayan fitila ta yi minti goma sha biyar a kunne ka kai bayan hannunka kusa da murfin. Mai rage haske yakan yi ɗan ɗumi, makunni na gargajiya kuwa bai kamata ya yi ba. Daga ƙarshe danna maɓallin gwaji na na'urar jin yoyo, idan layin yana da ita, ka ga layin ya ɗauke, ka mayar da ita, ka rubuta kwanan wata a jikin akwatin. Ƙa'idar Birtaniya tana so a maimaita wannan gwaji duk wata shida, masu ƙera irin ta Amurka kuma sun ce duk wata.